Wa Ke Biyan Kuɗin Kwanan Mai Jiran Shari'a?

A cikin kowane mutum uku da za su kwana a gidajen yarin Najeriya yau, biyu babu alƙalin da ya taɓa samun su da laifi. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa ne ke faɗin haka: fursunoni kimanin dubu 80, fiye da dubu 50 daga cikinsu masu zaman jiran shari'a. Yawan yakan hau ya sauka, amma wannan kaso ya ƙi motsi fiye da shekara 20, duk da kwamitocin rage cunkoso da gwamnatoci suka riƙa kafawa, duk da sababbin dokoki, duk da sauya wa gidajen suna. Abin da aka saba faɗi shi ne kotuna sun yi kaɗan, alƙalai ba su isa ba, gine-gine sun tsufa, 'yan sanda ba su da kayan bincike. Babu ƙarya a ciki. Amma ina ganin akwai abin da ke ƙarƙashin waɗannan duka, wanda muddin ba a taɓa shi ba sauran gyare-gyaren ba za su zauna ba. A tsarin da muke kai, tsare mutum ba ya cin ko sisin wanda ya sa aka tsare shi. Wanda ya kama, da wanda ya sa hannu a takardar tsarewa, da wanda fayil ke kwance a teburinsa, babu ɗayansu da ke asarar komai idan kwana 14 suka zama shekara 4. Sakin mutum ne kaɗai ke iya jawo wa jami'i tambaya.

Sai an bi sawun yadda mutum ke faɗawa wannan hali kafin a gane maganar. 'Yan sanda sun kama saurayi bisa zargin fashi da makami, ko kisan kai, ko garkuwa da mutane. Babbar kotu ce ke da hurumin sauraron irin waɗannan laifuka, ita kuwa ba ta karɓar ƙara sai lauyoyin ma'aikatar shari'a sun duba fayil sun shirya tuhuma. Doka kuma ba ta yarda 'yan sanda su ci gaba da riƙe shi a caji ofis ba. Sai a kai shi kotun majistare, wadda kowa ya san ba ta da ikon yi masa shari'a, a karanta rahoton farko, alƙali ya ce ba shi da hurumi, a wuce da shi gidan yari har sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Daga ranar nan ya faɗa tsakanin ofisoshi huɗu, kuma babu wanda ke ganin nauyinsa a wuyansa yake. Ɗan sandan da ya yi bincike ya sauke kaya, wataƙila ma an yi masa canjin wurin aiki kafin ya kwafi fayil ɗin ya aika, kuɗin kwafin ma sau da yawa 'yan'uwan wanda ake zargi ko na mai ƙara ake tambaya. Lauyan gwamnati ba zai ba da shawara a kan fayil ɗin da bai iso ba. Majistare yana ta ɗage ranar ambaton ƙara wata bayan wata, ranar da motar gidan yari ba ta da mai kuwa ba a ma kawo shi ba. Gandiroba yana riƙe da takardar kotu, aikinsa ke nan. Kowannensu yana da uzuri na gaskiya, kuma kowannensu zai iya dafa Alƙur'ani ko Baibul ya rantse cewa ba a hannunsa maganar ta tsaya ba.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 35 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, kuma idan ya cika wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, da sharaɗi ko babu. Sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar da shi a kansa. Sai dai sashen na 35 ya bar ƙofa a ƙarshensa, domin wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Wanda ya san wannan ƙofa ba zai yi mamakin yadda faɗan 'yan unguwa da aka ƙwace waya a ciki ke rikiɗa ya zama fashi da makami a takarda ba, tunda girman tuhumar da aka rubuta ne ke yanke ko mutum zai kwana a gida, tun kafin kowa ya auna ƙarfin shaida. A 2007 Kotun Ƙoli ta amince cewa majistare na iya ba da umarnin tsare wanda ba shi da ikon yi wa shari'a. A 2012 kuwa kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar wani mutum da aka kama a Legas a 2003, majistare ya tura shi gidan yarin Kirikiri, ya shafe shekara 9 babu wanda ya gurfanar da shi a kotun da ta dace, babu kuma wanda ya sallame shi. Kotun ta ce an tauye masa haƙƙi, ta ba da umarnin a sake shi.

Wanda ya ce rashin doka ne matsalarmu bai karanta Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ba. Masu tsara ta sun san wannan ciwo sarai, kuma sun bi shi gaɓa-gaɓa. Sun halatta umarnin tsarewa amma sun ɗaure shi da lokaci: kwana 14, sai ƙarin 14 idan an nuna dalili, daga nan kotu ta kira shugaban 'yan sanda da babban lauyan gwamnati su zo su faɗi abin da ya hana a saki mutumin. Idan aka haɗa duk wa'adin bai kai wata biyu cikakku ba, idan kuma ba a kawo dalili ba doka ta ce a sallame shi nan take. Ta ba ma'aikatar shari'a kwana 14 ta fitar da shawararta bayan fayil ya iso. Ta wajabta wa majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sandan yankinsa kowane wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda ya dace. Ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kamu a kan bashi da saɓa yarjejeniyar ciniki, ta fayyace cewa mace na iya tsaya wa mutum a beli. Ta ce shugaban gidajen yari ya riƙa aika wa manyan alƙalai, kowane kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jira. Jihohi sun bi sahu da nasu dokokin, Kaduna a 2017, Kano a 2019, da ɗan bambancin kwanaki. Sai dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ƙara da cewa idan gida ya cika ya wuce ƙima, shugaban hukumar na jiha ya sanar da babban jojin jiha da babban lauyan gwamnati cikin mako guda, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, har ta ba shi ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni. A takarda, babu abin da ya rage. A cikin gidajen kuwa, har yanzu biyu cikin uku ne.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Indiya ta gyara dokarta a 2005 ta ce wanda ya yi rabin mafi tsawon hukuncin laifin da ake zarginsa da shi yana jira, a ba shi beli, amma bayan shekaru alƙaluman gwamnatinta sun nuna kusan uku cikin huɗu na fursunoninta masu jiran shari'a ne. Doka tana faɗin abin da ya kamata a yi, ba ta tilasta wa kowa ya damu. Abin da ke sa hukuma ta damu shi ne abin da ke fita daga aljihunta, nan kuwa tsarinmu ya karkace ƙwarai. Hukumomin tarayya da kansu suna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na fursunoni dokokin jihohi ake zargin sun karya. Kotunan jiha ne suka tura su, ma'aikatar shari'a ta jiha ce za ta tuhume su, amma gwamnatin tarayya ce ke ciyar da su, ta biya gandirobobi, ta sayi mota, ta gyara katanga. A 2024 an ɗaga kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Kuɗin bai kai ya ƙosar da baligi ba, amma idan aka ninka shi sau dubu 50 ya haura naira miliyan 56 kullum, fiye da biliyan 20 a shekara, abinci kawai. Yanzu a dubi gwamna a gaban kasafinsa. Ɗaukar ƙarin lauyoyi goma a ma'aikatar shari'a, da saya musu kwamfuta, da biyan kuɗin motar shaidu, duk daga asusun jiha za su fita. Barin mutum dubu a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse kuwa daga asusun Abuja yake fita. Ba sai gwamna ya zama mugu ba kafin ya zaɓi na biyu.

Akwai binciken da ya auna wannan kai tsaye. A jihar Kalifoniya ta Amurka, kafin 1996, ƙananan hukumomi ne ke yanke hukuncin tura yara masu laifi gidajen horo na jiha, amma abin da suke biya a kan kowane yaro dala 25 ne kacal a wata, saura jiha ke ɗauka. A shekarar aka sauya doka, aka ɗora musu kaso mai tsoka na kuɗin, musamman a kan ƙananan laifuka. Ba a taɓa dokar laifuka ba, ba a sauya alƙalai ba, wanda ke biya kawai aka sauya. Masaniyar tattalin arziki Aurélie Ouss ta bi alƙaluman ta gano cewa yawan yaran da ake turawa ya faɗi da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma ba a ga ƙaruwar kamun yara masu laifi bayan haka ba. Za a ce Kalifoniya ba Kano ba ce, kuma waɗancan an riga an yanke musu hukunci, namu jira suke. Haka ne. Abin ɗauka a nan shi ne halin hukuma, wanda bai san iyakar ƙasa ba: abin da take samu kyauta ba ta auna shi. Idan har kuɗi ya iya sauya hukuncin da alƙali ya zauna ya yanke da gangan, ya fi sauƙi ya motsa fayil ɗin da sakaci kawai ya kwantar.

Suka mafi nauyi a kan wannan ra'ayi daga tarihinmu take fitowa, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. A Arewa an taɓa yin zamanin da hukuma guda ke riƙe da 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari, duka daga baitulmalin En'e. Wanda ya kama shi ke ciyarwa, kamar yadda nake nema. Amma 'yan jam'iyyar NEPU na shekarun 1950 da 1960 sun san abin da hakan ya haifar, domin da waɗannan kayan aikin aka riƙa ɗaure su a kan taron siyasa da zagin sarauta. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su da na tarayya a 1968. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, kuma duk wanda ya ga yadda wasu gwamnoni ke yi da masu sukarsu a Facebook yana da dalilin fargaba. Amsata ita ce a raba makulli da lissafi. Makullin ya zauna inda yake, abinci ya ci gaba da zuwa ta hanyar da yake zuwa don kada fursuna ya kwana da yunwa saboda jiha ta ƙi biya. Abin da zai koma kan jiha shi ne takardar bashi: kwanakin farko da doka ta halatta tarayya ta ɗauka kamar kullum, duk kwanan da ya biyo baya ba tare da an shigar da tuhuma a kotu mai hurumi ba a lissafa shi a kan jihar da kotunta ta sa hannu. Wannan na buƙatar doka da yardar gwamnoni, tunda ba a taɓa rabon jiha daga asusun tarayya da ka, kuma Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda dukansu ke zama, ita ce wurin tattauna shi. Wani zai ce 'yan sanda na tarayya ne, don me jiha za ta biya jinkirinsu? Domin sashe na 211 na tsarin mulki ya ba babban lauyan jiha ikon karɓar kowace ƙarar laifi ta jiha ko ya janye ta. Ikon yana hannunsa tuntuni, dalilin amfani da shi ne babu.

Ba a rubuta takardar bashi sai da ƙidaya, ƙidayar kuwa ita kanta rabin magani ce. Abin da ake buƙata bai wuce rajista guda ba a kowace jiha, mai ɗauke da sunan wanda ake tsare da shi, da ranar da ya shiga, da kotun da ta tura shi, da ranar da umarnin zai ƙare, da ofishin da fayil yake a yanzu, sannan a riƙa fitar da jimillar a bainar jama'a kowane wata uku, kotu-kotu, ba tare da sunaye ba. Tare da wannan, umarnin tsarewa ya zama mai mutuwa da kansa: ranar da ya ƙare ba a sabunta ba, gandiroba ba shi da hujjar riƙe mutum, dole ya mayar da shi gaban alƙali. Ƙasashen da suka ci nasara a Afirka ta wannan hanya mai araha suka bi. A Malawi, tun 2000, an horar da mataimakan lauyoyi, mutanen da ba su yi digirin shari'a ba, suna shiga gidajen yari kullum suna tantance waɗanda takardunsu suka ƙare, suna bin fayil daga ofis zuwa ofis, suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli da baki, kuma kason masu jira ya ragu ƙwarai. A Ghana an fara shirin kai kotu cikin gidan yari a 2007, lokacin masu jira sun kusa ɗaya cikin uku, bayan shekaru suka koma ƙasa da kashi 15 cikin 100. Mu ma mun gwada. A tsakiyar shekarun 2000 hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa, tare da ƙungiyoyi masu zaman kansu, ta ajiye matasan lauyoyi masu hidimar ƙasa a ofisoshin 'yan sanda a Sakkwato da Kaduna da Imo da Ondo, don su ga wanda aka kama tun a sa'o'in farko, kafin a rubuta masa tuhumar da za ta rufe masa ƙofar beli. Irin waɗannan shirye-shirye ciwonsu ɗaya ne: da kuɗin masu ba da tallafi suke tafiya, idan tallafi ya janye sai su yi sanyi, saboda babu ma'aikatar da ke asara idan sun tsaya.

To batun tsaro fa? Mutumin Zamfara ko Katsina da aka sace wa ɗa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, idan ya ji ana maganar sakin waɗanda ake zargi, ransa ne zai ɓaci, kuma yana da gaskiyarsa. Ƙorafin da ake yawan ji a ƙauyuka ma shi ne an kama ɓarawo yau, jibi ya dawo yana yawo a kasuwa. Sai dai a lura da wanda ke dawowa jibi da wanda ke shekara biyar a ciki. Mai dawowa shi ne mai kuɗi da uban gida. Mai daɗewa shi ne wanda ba shi da mai bin sawunsa, sau da yawa wanda aka kwasa a samame. Tsarewa marar wa'adi ba ta tace mai haɗari daga marar haɗari, mai gata take tacewa daga marar gata. Kuma jinkirin nan mai laifin gaske yake yi wa aiki, domin bayan shekara huɗu shaidu sun ƙaura ko sun mutu ko sun ji tsoro, ɗan sandan da ya yi bincike ya yi ritaya, kayan shaida sun ɓata, ƙarshenta kotu ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo komai. Wanda aka zalunta bai ga hukunci ba, bai ga diyya ba. Idan kuma wanda ke tsare ba shi ya aikata ba, an rufe bincike a kansa, mai aikatawa yana waje. Cunkoson kansa ɓaraka ce. A watan Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, fiye da mutum 800 suka fice, cikinsu fiye da 60 da ake tsare da su kan Boko Haram. Gidan da aka cika da waɗanda bai kamata su kasance a ciki ba ba zai iya sa ido yadda ya kamata a kan 'yan kaɗan da dole a tsare su ba. Wa'adi bai hana tsare ɗan bindiga ba, tilasta wa gwamnati yake ta kawo shaidarta tun tana da ɗumi.

Sai masu cewa idan an ba da beli mutane gudu suke yi, a ƙasar da gidaje da yawa ba su da lamba. Wasu na gudu, ba musu. Amma rashin zuwa kotu ba duka ne gudu ba. A birnin New York an sake tsara takardar sammaci ta yadda rana da wuri da sakamakon ƙin zuwa suka fito fili, aka kuma riƙa tura saƙon tunatarwa ta waya. Binciken da mujallar Science ta buga a 2020 ya nuna gyaran takardar ya rage rashin zuwa da kashi 13 cikin 100, saƙon waya kuma da kimanin kashi 21. Mantuwa da ruɗewa suna da kaso babba ke nan, a wurin da kusan kowa ya iya karatu, balle inda ake rubuta ranar zama da Turanci a miƙa wa wanda bai iya ba. Mu kuma muna da abin da New York ba ta da shi, wato mai unguwa da dagaci da limami da shugaban 'yan kasuwa, waɗanda suka san mutum da gidansu fiye da yadda kowace takarda za ta sani. Maimakon a yi amfani da su, sai a ce wa ɗan acaɓa ya kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar mallakar fili a cikin birni. Wannan hana beli ne da sunan bayarwa. Abin da tsarewa ke yi wa ita kanta gaskiyar shari'a ma an auna shi. Nazarin da aka yi a gundumar Harris ta jihar Texas, aka buga a 2017, ya gano cewa waɗanda aka tsare kan ƙananan laifuka sun fi takwarorinsu da aka saki amsa laifi da kashi 25 cikin 100. Dalilin a bayyane yake: idan amsa laifi zai kai ka gida yau, musu kuma zai bar ka a ɗaure wata shida, mutane da yawa za su amsa abin da ba su yi ba.

Gina sababbin gidaje ba zan daɗe a kansa ba. Ana buƙatarsu, domin ruwan sama ya rusa katangar gidan yarin Suleja a watan Afrilun 2024 fiye da mutum 100 suka tsere, ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban shekarar ta fitar da fiye da 270, kuma gida mai ɗaukar mutum 3,000 irin na Janguza ya fi kurkukun zamanin Turawa mutunci. Amma ƙarin ɗaki bai taɓa motsa fayil ba. Haka zagayen da manyan alƙalai ke yi suna sallamar fursunoni, da afuwar gwamnoni a lokacin salla, da tarar mutum 4,068 da ma'aikatar cikin gida ta shirya biya a ƙarshen 2023 da kimanin naira miliyan 585. Alheri ne ga waɗanda suka samu, sai dai kwasar ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo, kuma masu tara an riga an yanke musu hukunci, ba su cikin dubu 50 ɗin da muke magana.

Akwai haɗari guda a cikin abin da nake ba da shawara, kuma ya fi kyau a faɗe shi tun yanzu. Jihar da ake lissafa wa kwanaki tana iya neman gajeriyar hanya: ta shigar da tuhuma ta ko-ta-kwana a babbar kotu don agogo ya tsaya, jiran ya tashi daga gaban majistare ya koma gaban joji, ko ta matsa wa mutane su amsa laifi a rage musu. Babbar kotun kuwa da nata jinkirin, daga alƙalan da ake kwashewa zuwa ƙararrakin zaɓe, zuwa shari'ar da ake sake farawa daga tushe idan alƙali ya samu ƙarin girma, zuwa yajin aikin ma'aikatan kotu irin na 2021 da ya rufe kotuna fiye da wata biyu. Saboda haka lissafin bai kamata ya mutu da shigar da tuhuma ba. Ya tsaya na wani lokaci, ya ci gaba idan aka ɗage zama saboda mai gabatar da ƙara bai kawo shaida ba, kuma kada a karɓi amsa laifi a babban laifi sai da lauya a gefen mai amsawa. Nan ne kuɗin da aka tara ya kamata ya tafi. Hukumar ba da agajin lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976, lauyoyinta ba su kai ko kusa da yawan masu buƙatarsu ba, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce a ajiye lauya a kowane babban ofishin yanki, abin da ke jiran albashi kafin ya tabbata. Duk naira da jiha ta biya a kan kwanan da ya wuce wa'adi, a zuba ta a asusun da zai biya waɗannan lauyoyi da mataimakansu a cikin jihar, a kuma buga abin da ya shiga da abin da ya fita tare da ƙidayar kowane wata uku.